A Ba Yaro Gayauna, A Ba Shi Jagora

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyin gama kai a ƙasar Batsari da Safana: Akwai wata magana da muke so a tattauna a kowane taron ƙungiya kafin damina ta faɗi, watau maganar samarinmu da 'yan matanmu. In ka tsayar da saurayi ɗan shekara 20 a tasha ko a bakin kasuwa, ka tambaye shi sana'ar da yake so ya riƙe, sau da yawa amsar ita ce, "Duk abin da ya samu." Wannan amsa ta fi ƙarancin taki ba mu tsoro. Gama wanda bai san abin da hannunsa ya iya ba, kowace iska ta taso sai ta tafi da shi, ko zuwa ci-rani marar riba, ko zuwa shaye-shaye, ko zuwa hannun mutanen daji masu neman 'yan aike.

Yadda aka kai ga haka

Ba lalaci ne ya jawo wannan ba. Kowa ya san abin da ya fito daga dajin Rugu. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, a ƙasar Batsari. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka kuma tsayar da cinikin dabbobi a kasuwanni. Gidaje da yawa sun bar ƙauyukansu, sun koma cikin garin Batsari, ko Dutsin-ma, ko Katsina, waɗansu har sun ƙetara zuwa Maraɗi. A 2025 an yi zaman sulhu a wurare da dama, waɗansu manoma suka koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba.

To, a yi lissafi. Yaron da yake da shekara 10 a 2015 ya cika 20 a 2025. Shekarun da ya kamata ya yi yana bin ubansa da fartanya, yana koyon lokacin shuka da firi da huɗa, ya yi su yana zaune a gidan aro, ko yana tura kura a gari. Makaranta ma da yawa ba su gama ba. An ƙidaya shanun da aka kora da rumbunan da aka ƙone, amma wannan hasara ta koyo ba wanda ya ƙidaya ta, ita ce kuwa za ta fi daɗewa tare da mu.

Abin da gayauna take koyarwa

Iyayenmu suna da hanyar da yaro yake sanin kansa. A ƙarƙashin gandu, ɗa yakan yi wa ubansa aiki daga safe zuwa azahar, uba kuma ya ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari. Amma ana yanka wa ɗan wani ɗan fili, gayauna, wanda yake nomawa da yamma, amfanin kuma nasa ne. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa a 1967 tana nazarin wannan tsari, littafinta ya fito a 1972. Abin da ta rubuta ba baƙo ba ne ga dattawanmu.

A gandu yaro yana koyon biyayya da jimiri. A gayauna yake koyon yanke shawara. Shi zai zaɓi ko gyaɗa zai sa ko wake ko rogo. In ya makara da shuka, shi zai ga sakamakon. In ya sayar da wuri ya yi hasara, baɗi zai jira. Uba mai hankali yana kallo daga nesa, ya gane wanda hannunsa yake da albarka a noma, da wanda hankalinsa ya fi zuwa ga dabba, da wanda ya iya ciniki. Gandu ya yi rauni tun kafin tashin hankali, saboda gonaki sun tsuke, kuɗi ya shiga komai. Gudun hijira ya ƙarasa abin da ya rage. Uban da shi kansa yake noman haya, ina zai sami gayaunar da zai yanka wa ɗansa?

Sabuwar sana'a a birni

A manyan birane yanzu akwai masu wata sana'a ta horar da mutum kan rayuwarsa da aikinsa. Ana biyansu kuɗi, ana jinsu a rediyo, ana ganinsu a Facebook da WhatsApp. Sana'ar ta yi ƙarfi a Amurka da Ingila, har aka kafa mata ƙungiyar duniya a 1995. Waɗansu daga cikinsu surutu kawai suke sayarwa, suna yi wa matasa alkawarin arziki cikin kwana kaɗan. Amma na kirki a cikinsu suna da wata dabara wadda ta cancanci mu duba.

Wani mutumin Ingila, John Whitmore, ya shimfiɗa dabarar a littafinsa na 1992. Taƙaicenta shi ne, mai horon ba ya gaya wa mutum abin da zai yi. Tambayoyi huɗu yake bi da shi. Ina kake so ka kai? A ina kake tsaye yanzu, me kake da shi a hannu? Waɗanne hanyoyi ne a gabanka? Wacce za ka ɗauka, kuma yaushe za ka fara? Sa'an nan su sa ranar da za su sake haɗuwa a duba abin da aka yi.

Ra'ayinmu shi ne, wannan dabara ba sai da kuɗi ba, ba kuma sai da ofis ba. Ƙungiyar manoma ta fi kowane mutumin birni dacewa da ita, domin mu muka san yaron, mun san ubansa, mun san gonar. Abu ɗaya ne mai wuya: yawancin manya sun saba da ba da umurni, ba su saba da tambaya su yi shiru su saurara ba.

Darasi biyu daga aikin gona

A 1975 aka fara babban aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Daga baya aka kawo tsarin da malamin gona yake ziyartar zaɓaɓɓun manoma kowane mako biyu. Abin kirki a tsarin shi ne ziyarar tana da rana, ba ta fashi. Rauninsa kuwa, saƙon daga sama yake saukowa, iri ɗaya ga kowa, ko mai jigawa ko mai fadama. Da kuɗin waje ya janye, ziyarar ta ja baya.

Darasi na biyu daga maƙwabtanmu ne na Maraɗi. Wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma suke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itatuwa ne waɗanda saiwarsu take da rai a ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga dabba da gatari. Lokacin yunwar 1984 an ba mutane abinci don su yi wannan aiki. Da aka daina ba da abinci, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu don sun gamsu, su ne suka sami itacen wuta da abincin dabba da inuwa, maƙwabta kuma suka gani suka kwaikwaya. An ƙiyasta cewa hanyar ta mai da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar.

Haka yaro yake. Saiwar tana nan. Aikin jagora shi ne ya taimake shi ya ga wane reshe ne mai ƙarfi. Abin da aka tilasta masa ko aka saye shi da shi, zai yar ran da ido ya kauce. Abin da ya zaɓa da bakinsa, zai tsare.

Masu ja da maganar

Wani zai ce, "Mai jin yunwa taki yake so da jari, ba hira ba." Gaskiya ne jari wajibi ne. Amma kowace ƙungiya ta san labarin rancen da aka ba saurayi, ya sayi waya ko ya yi kuɗin mota zuwa Legas, bashin ya dawo kan ubansa. Jari a hannun wanda bai yanke shawara ba, ruwa ne a kwando. Zaman tambaya ya kamata ya riga rance.

Wani zai ce, "A bari tsaro ya tabbata tukuna." Tsaro aikin hukuma ne, muna kuma ci gaba da nemansa. Amma yaro ba ya daina girma don ana jiran hukuma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Har wa yau, saurayin da yake da abin yi da wanda yake tambayarsa labarin aikinsa kowane mako biyu, ya fi wuyar ruɗuwa.

Wani kuma zai ce, "In babba ya koma tambayar yaro, raini zai shiga." Mu ba mu ga haka ba. Babba yana hango abin da yaro ba ya gani, ba shakka, yana kuma da ikon ya faɗa. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda ruwa yake masa yoyo. Akwai abin da yake cikin zuciyar yaro wanda babba ba zai sani ba sai ya tambaya.

Abin da muke roƙon kowace ƙungiya

Na ɗaya, a zaɓi jagorori daga cikin 'yan ƙungiya. Ba lalle sai mai babbar gona ba. A nemi mai haƙuri, mai riƙe asiri, wanda aka san shi da gaskiya a ciniki. Kada jagora ɗaya ya riƙe fiye da yara 3. A bar yaro ya faɗi wanda yake so, kuma ya fi kyau kada ya zama ubansa, gama kunya takan hana ɗa buɗe ciki a gaban mahaifi.

Na biyu, 'yan mata su sami jagorori mata. Matan da suka iya matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da awara, da kiwon awaki da kaji, da ɗinki, da riƙon adashe, malamai ne. Yarinyar da ta shiga ɗakin miji da sana'a a hannu ba ta zama abar tausayi ran da wahala ta zo.

Na uku, a sa rana, kowane mako biyu, ko da rabin sa'a ne a gindin bishiya. A bi tambayoyin nan huɗu. A sayi ɗan littafin rubutu, a rubuta abin da yaron ya ce zai yi da ranar da zai yi shi. In bai iya rubutu ba, sakataren ƙungiya ya taimaka da boko ko da ajami.

Na huɗu, a ba shi gayauna. Ƙungiyar da take da gonar tarayya ta yanka masa kunya goma ko ashirin kusa da gari. In dabba yake so, a ba shi akuya ɗaya kiwo, a raba 'ya'ya bisa yarjejeniya. In hankalinsa yana ga ƙarfe, a haɗa shi da mai gyaran injin ban ruwa ko babur ko fitilar hasken rana. In ciniki ne, a ba shi kwano kaɗan na hatsi ya juya. Ba dole kowane ɗan manomi ya zama manomi ba. Ƙauyen da ba shi da mai gyaran inji, ko mai yi wa dabba allura, ko mai riƙe lissafi, nomansa ma ba ya ci gaba.

Na biyar, a yarda yaro ya faɗi a ƙaramin abu. In wakensa ya lalace don bai yi feshi a kan kari ba, kada a yi masa dariya a taro, kada kuma a ɓoye masa dalili. A tambaye shi abin da ya gani da abin da zai sake baɗi. In bayan shekara ya ce wannan hanya ba tasa ba ce, wannan ma sani ne, an kuwa same shi da araha.

Na shida, kada a karɓi ko kwabo don jagoranci, kada kuma jagora ya mai da yaron ɗan ƙodago a gonarsa. In an ga haka, shugabannin ƙungiya su sauya shi nan da nan. Abin da ya fi ƙarfin jagora, kamar cutar tsiro ko ta dabba, a kai wa malamin gona na KTARDA ko malamin dabbobi. In yaron yana da ƙwaƙwalwar karatu, a tuna akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-ma tun 2011, ba sai an yi nisa ba.

Da kaka, ranar da ake lissafin rance da ribar ƙungiya, a ware lokaci kowane yaro ya tashi ya faɗi da bakinsa abin da ya gwada, abin da ya samu, da abin da ya gane game da kansa. Sakatare ya rubuta a littafin ƙungiya kusa da lissafin buhuna.

Muna roƙon shugabanni su karanta wannan a taro na gaba, a fassara wa wanda bai ji ba, a fito da sunayen jagorori kafin ruwan shuka. Ƙungiyar da ta fara, ta aiko mana da labari, mai daɗi ko marar daɗi, domin sauran su koya. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.