Hanyar Gabas da Masaukan da Muka Rufe

Wanda yake bin labarin ƙasashen Turai zai ji cewa Nasara, waɗanda suka fi kowa jiragen sama da na ƙasa, sun koma tafiyar ƙasa zuwa wuraren ibadarsu, har abin ya zama al'ada mai ƙarfi a cikin shekarun nan. Mafi shahara ita ce hanyar Santiyago, wani birni a arewa maso yammacin Sifaniya inda suke riya cewa kabarin Yakubu yake, ɗaya daga cikin Hawariyawan Annabi Isa, alaihissalam. Masu ziyara sukan taso daga gindin duwatsun da suka raba Faransa da Sifaniya, su yi kusan kilomita 800 a ƙafa, cikin wata guda ko fiye, suna riƙe da wata takarda da ake buga mata hatimi a kowane masauki, kuma ba a ba mai tafiya a ƙafa shaidar kammalawa sai ya taka aƙalla kilomita 100 da sawunsa. A 1987 aka ayyana ta cikin hanyoyin tarihin Turai, a 1993 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya, a 2023 kuwa waɗanda suka karɓi shaidar nan sun haura 400,000.

Na kawo wannan ne domin mu mutanen Zongon Lome, da sauran zangunan Hausawa na ƙasashen kurmi, mun gāji hanyar da ta ninka tasu tsawo da wahala, amma babu alama ko ɗaya da muka kafa a kanta. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, mai niyyar sauke farali daga bakin tekun nan yakan bi sawun fataken goro ta Atakpame da Sokode da Jugu da Nikki, ya ƙetare Kwara, ya faɗa Kano, sa'an nan tafiya ta soma: Maiduguri, Fallomi wadda ake kira Njamena yanzu, Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, har Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, inda zai jira jirgin ruwan da zai tsallakar da shi Jidda. Daga Kano kaɗai ya fi kilomita 3,000. Kuma ba tafiyar wata guda ba ce, domin mutum yakan fita da iyalinsa da allonsa da kayan sana'arsa, ya yi damina a wani gari, ya yi wanzanci ko dukanci ko ɗinkin hula a wani, ya tsinci auduga a gonakin Jazira na Sudan da aka buɗe a 1925, har yaron da aka goya a Kano ya isa Makka yana iya ɗaukar tulu. Da yawa ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903, yana nan har yau, ana Hausa da Fillanci a cikinsa.

Kada a ɗauka jahilci ko son wahala ne ya fitar da su. Malaman Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Muhtasar Halil suka sani, ba su sharɗanta abin hawa da guzuri a cikin istiɗa'a ba. A wurinsu, wanda yake da ƙarfin tafiya, kuma yake da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ya shiga cikin masu iko, muddin akwai aminci a kan rai da dukiya. Da wannan fatawa talaka ya sami ƙofar da a wasu mazhabobi ta fi buɗuwa ga mawadaci.

To, wannan sharaɗi na aminci shi ne dalilin da ya sa ba zan ce wa wani saurayi ya ɗauki gora da sanda ya nufi gabas ba. Tun watan Afrilun 2023 yaƙi yake cin Sudan, kuma Junaina da Fashir, waɗanda dā masaukan alhazai ne, suna cikin garuruwan da aka fi zubar da jini. Ko a nan yamma ma, wani ɗalibi ɗan Gini, Mamadu Safayu Bari, da ya hau keke a 2023 yana neman jami'ar Azhar ta Alƙahira, ya ratsa Mali da Burkina da Togo da Binin da Nijar, sau uku ana tsare shi a hanya, kuma da ya isa Cadi sai da aka haɗa masa kuɗin jirgi. Wanda ya tashi daga filin jirgin Tokwan na Lome ya sauka ƙasa mai tsarki cikin yini guda, hajjinsa cikakke ne, babu mai rage masa lada.

Abin da nake ganin ya cancanci mu lura da shi a al'amarin Nasara shi ne masauki. Hanyarsu ta rayu ne saboda a ƙarshen kowane yini akwai ɗaki da gado da ruwan wanka, wani na majami'a, wani na hukumar gari, wani kuma abin da ka ga dama za ka jefa a akwati. Alhali mu ne muka san wannan tun kafin a rubuta mana shi, tun da Sarakunan Kanem suka yi wa mutanensu wakafin masauki a Alƙahira a ƙarni na 13, kuma tsarin Zongo kansa a kan maigida ya tsaya, wanda yake sauke baƙon da ya zo da shanu ko goro, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce shi a gaban hukuma. Da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome a 1977, aka mai da jama'a can arewacin birni, wajen Agowe, an sake gina masallatai, wasu ma sun fi na dā girma da ado, amma zauren baƙi sai ƙara ƙanƙancewa yake yi, inda aka same shi ma an mai da shi shagon haya. Ga direbobin manyan motocin Nijar da Burkina suna kwana a ƙarƙashin motocinsu suna jiran kaya daga tashar jiragen ruwa, ga almajirai masu neman ilimi, ga marasa lafiya da aka kawo asibiti daga arewa; duk 'yan hanya ne da shari'a ta ambata cikin masu haƙƙi a zakka.

Saboda haka ina roƙon limamanmu da sarakunan Zongo da attajiran da Allah Ya hore wa maimaita hajji da umra, su ware kuɗin kujera ɗaya a yi wakafin ɗakuna biyu ko uku a jikin babban masallaci, a naɗa amintacce ya kula da su. A ajiye littafi a nan kuma, a sa ɗaliban Islamiyya su bi tsofaffin da suka ji daga bakin iyayensu, su rubuta wanda ya tafi gabas a ƙafa, da garuruwan da ya yada zango, da wanda ya sauke shi, da inda aka binne waɗanda ba su kai ba.