Mai sharhi a Facebook bai aiko wa edita wasiƙa ba

Akwai wani salon labari da ya zama ruwan dare a kafafenmu, musamman idan wani abu ya faru da ya tayar da ƙura. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, kusan duk ƙarin farashi sai ya zo da kanun nan: yadda 'yan Najeriya suka mayar da martani. Ka shiga ciki, sai ka tarar da layi uku na marubuci, sauran duk kwashe-kwashe ne daga Facebook da X. Wane ya ce talaka ya shiga uku. Wance ta ce Allah ya kawo mana sauƙi. Ga sunan mutum cikakke, wani lokaci har da hoton fuskarsa kamar yadda aka ɗauko daga allon waya.

Shigo da muryar mai karatu cikin rubutu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, tana buga wasiƙun masu karatu. Sashen Hausa na BBC, da ya fara watsa shirye-shirye a 1957, ya yi shekara da shekaru yana karanta takardun masu saurare, kuma har yau shirin Ra'ayi Riga da muryar jama'a yake tafiya. To amma a duba yadda wasiƙar take zuwa. Mutum ya zauna ya rubuta, ya sayi ambulan da kan sarki, ya taka har gidan waya. Ya san inda maganarsa za ta, burinsa ma ke nan ta fito. Edita kuma ya zaɓa, ya gyara, abin da ya ga zai jawo wa mai shi fitina ya ajiye.

Wanda ya danna sharhi a ƙarƙashin labari da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, cajin wayarsa saura kaɗan, ransa a ɓace, bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A ganinsa hira yake yi a majalisa, gobe wata maganar ta binne wannan. Da ka ɗauko ta ka dasa cikin labari mai kanu da kwanan wata, ka mayar da ita shaida: duk wanda ya nemi sunansa a Google zai same ta, ko da shi ya goge tasa tun da safe. Za a ce ai a bainar jama'a ya rubuta. Haka ne. Amma mu ba a ƙasar da magana take wucewa salin-alin muke ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya kai 'yan jarida da talakawa gaban alƙali, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kafin a yi masa kwaskwarima a 2024. Ba mu manta da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ba, wanda aka kama a Nuwamban 2022 saboda ɗan gajeren rubutu a Twitter kan matar shugaban ƙasa ta lokacin, watanni bayan ya yi shi. An janye ƙarar daga baya, amma ya riga ya ɗanɗana. Wanda ya yayata sunan mai sharhi bai san gaban wa ya kai shi ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kiran wannan tarin ra'ayin jama'a. Wace jama'ar? Sharhin da ke saman jeri ba shi ne wanda mutane suka fi yarda da shi ba. Manhajar ce ke ɗaga wanda aka fi yi wa caa, ko da zagi ne. Ga kuma 'yan data, waɗanda 'yan siyasa ke saka wa kati su yi ta maimaita magana ɗaya da sunaye daban-daban. Manomin da ke sayen lita biyu don injin ban ruwa, wanda ƙarin kuɗin ya fi shafa, ba ya cikin jerin. Ɗan jarida ya ja babban yatsa sau biyar a kan allo, ya zaɓi guda shida da suka dace da kanun da ya riga ya rubuta, shi ke nan an auna zuciyar ƙasa. Wannan lalaci ne, ko da an sa masa riga.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a bar martani a inda yake. Wani lokaci abin da ya fi labarin kansa amfani yana ƙasa: ma'aikaciyar jinya da ta gyara adadin magani, direban tirela da ya faɗi ainihin yawan shingayen da ke kan hanyar. Barin irin wannan a hannun kamfani asara ce. An rufe Google+ a 2019 da hirarrakin da ke cikinsa, gwamnatin Najeriya kuma ta toshe Twitter kusan wata bakwai daga Yunin 2021. Irin wannan martanin a ɗauko shi, a tabbatar da gaskiyarsa, a ba shi wuri a tsakiyar rubutu.

Sai dai a fara da aika saƙo: Malam, zan iya sa maganarka a jarida, da suna ko ba suna? Minti biyu ne. Wasu za su ce a'a, a rabu da su. Wasu za su ce a ɓoye sunan. Wani kuma, da ya ji jarida ce, zai ce a dakata ya sake rubutawa a nutse, ya bar zagin, ya kawo adadin kuɗin da ranar da abin ya faru.