Garwashin da Muke Kwana da Shi

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wani al'amari ne da ya auku a ɗakinmu na kwana cikin bazarar da ta wuce. Mu shida ne a ɗakin, ƙofa ɗaya, taga ɗaya mai ƙarafa, kowa da katifarsa ta soso. Wani daga cikinmu yana da waya wadda batirinta ya kumbura har murfin baya ya ɗaga, shi kuwa sai ya samo roba irin ta ɗaurin kuɗi ya ɗaure ta tamau. Da yake ba a kawo wuta sai dare ya yi nisa, ga kuma tsoron masu ɗan hali, a ƙarƙashin matashin kansa yake sa ta caji ya kwanta. Wata rana wajen ƙarfe uku na dare warin ƙonewar roba ya tashe mu, muka tarar wayar ta yi zafin da ba a iya riƙe ta, rigar matashin har ta fara baƙi. Allah ya kiyaye ba ta kama ba. Da gari ya waye aka yi ta raha, wani ya ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni dai ban yarda a kira wannan tsautsayi ba, domin mun ga alamarsa da idonmu makonni kafin daren nan, muka kau da kai.

Kafin in ci gaba, ya kamata mu san abin da ke cikin batirin nan. Sunansa batirin litiyam, kuma kamfanin Sony na Japan ne ya fara kai shi kasuwa a 1991. Masana uku da suka share fagen ƙera shi, watau John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2019, saboda haka kada a ɗauka kushe shi nake yi. In aka feɗe shi, za a ga falle biyu na ƙarfe marasa kauri da aka shafe da sinadari aka naɗe kamar tabarma, a tsakaninsu kuma da wani shamaki na roba wanda bai kai kaurin silin gashi ba. Duka an jiƙe su da wani ruwan sinadari mai saurin kama wuta. Aikin shamakin shi ne ya hana fallen nan biyu taɓa juna. Ranar da ya huje, ko don lanƙwasa, ko sukar tsinke, ko tsananin zafi, sai ƙarfin da aka tara domin aikin yini guda ya zube cikin ƙiftawar ido. Zafi ya tashi, zafin ya narkar da sauran shamakin, sinadaran su ƙara haifar da wani zafin, haka abin zai yi ta ciyar da kansa har ya kai ɗaruruwan digiri. Kumburin da muke gani kuwa iska ce da ruwan sinadarin ke fitarwa idan ya fara lalacewa. Batirin da ya kumbura ya riga ya yi magana, sai dai in ba a saurara ba.

Wanda yake ganin ƙarin gishiri nake yi, ya tuna da wayar Galaxy Note 7 ta kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu. An fito da ita cikin watan Agusta na 2016, amma ba a yi mako uku ba, ranar 2 ga Satumba, kamfanin ya nemi a dawo masa da wajen guda miliyan biyu da rabi, saboda rahotannin kamawar wuta. Aka musanya wa mutane da sababbi masu batirin wani kamfani dabam, sai ga su ma suna hayaƙi, har ɗaya ta yi cikin jirgin sama a Amurka kafin ya tashi. Cikin watan Oktoba kamfanin ya daina ƙera ta ɗungurungum, Amurka kuma ta hana shiga jirgi da ita.

A watan Janairu na 2017 Samsung ya bayyana sakamakon bincikensa, bayan injiniyoyi 700 sun gwada wayoyi 200,000 da batura 30,000. A batirin farko, jakar da aka sa shi ciki ta yi masa kaɗan, har kusurwar fallen ta lanƙwashe. A na biyu, walda ce ta bar ɗan tsini wanda ya huda shamakin, wasu ma an manta ba a liƙa musu abin kariya ba. Mai karatu ya lura: kuskuren da ya jawo wa kamfanin asarar fiye da dala biliyan 5 bai fi ƙwayar gero girma ba. Manazarta da yawa sun danganta abin da gasar fito da waya siririya mai babban batir, da gaggawar riga abokin hamayya shiga kasuwa, sauri ya haifi nawa ke nan.

To, ga inda maganata ta dosa. Note 7 tana da suna, tana da lamba, tana da uban gida da za a kama. Shi ya sa aka iya kiranta gida, aka dawo da fiye da kashi 90 cikin 100, waɗanda suka ƙi mayarwa kuma a wasu ƙasashe aka aika wa wayoyinsu da saƙon da ya hana su ɗaukar caji. Batirin da abokin ɗakina ya saya a bakin titi fa, wa zai kira shi gida? Sunan da aka buga a jikinsa aro ne, ba a san masana'antar da ta yi shi ba, mai sayarwa ma bai sani ba. In kamfani mai injiniyoyi ɗaruruwa ya yi kuskure sau biyu a jere, me ake tsammani daga wanda babu mai duba aikinsa? Haka abin yake ga caja. Caja ta ƙwarai da batir na ƙwarai suna da 'yan na'urori a ciki masu tsai da wuta in batir ya cika ko ya yi zafi, kuma irin waɗannan ne mai jabu yake fara ragewa don ya karya farashi.

Sa'an nan ga yanayin ƙasarmu. Kamfanin Apple ya ce an ƙera wayoyinsa ne don su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin zafi. A Sakkwato da Kano da Maiduguri kuwa, cikin watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa. Caji da kansa yana haifar da zafi, waya kuma ba ta da fanka, ta jikinta take fitar da shi. Wanda ya danne ta da matashi, ko ya bar ta gaban mota cikin rana, ko yake kallon bidiyo tana jone da wuta, ya toshe mata hanyar numfashi ɗaya tak da take da ita.

Na san za a ce da ni, wayoyi nawa ne a duniya, nawa suka kama wuta? Gaskiya ne, kaɗan ne ƙwarai, kuma waya lafiyayya mai cajarta ta asali ba abin tsoro ba ce. Za a kuma ce ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki ba shi da halin batir na asali. Wannan ma ban musa ba, ni ma cikinsu nake. Amma fitar da waya daga ƙarƙashin matashi a ajiye ta kan siminti ba ya cin kwabo. Rabuwa da batirin da ya kumbura yana cin kuɗi, sai dai a auna kuɗin da ɗaki mai ƙofa ɗaya da katifun soso shida. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu huda batirin da allura wai don iskar ta fita ya saɓe. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido, domin allurar shamakin nan take nufa kai tsaye.

Maganar ba ta tsaya ga waya ba, ta haɗa da ma'ajiyar caji da muke kira fawa banki, wadda ƙarancin wuta ya sa kusan kowa yake yawo da ita, kuma batirin cikinta ya fi na waya girma. Ranar 28 ga Janairu, 2025, wuta ta tashi cikin wani jirgin kamfanin Air Busan a Koriya ta Kudu yana shirin tashi. Mutum 176 da ke ciki duk sun tsira, amma saman jirgin ya ƙone, kuma masu bincike sun fi kyautata zaton irin wannan ma'ajiya ce a cikin kayan wani fasinja. Can ma'aikata a farke suke, da ƙofofin gaggawa, da motocin kashe gobara a kusa. Mu kuwa barci muke yi.

A ganina nauyin farko yana kan hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, domin batir da caja sun cancanci irin sa idon da ake yi wa jabun magani. Amma akwai abin da ya fi kusa da mu. Masu kula da ɗakunan kwana suna iya keɓe wuri guda na caji mai kantocin siminti da 'yan akwatuna masu makulli, ta yadda tsoron ɓarawo ba zai ƙara tura waya ƙarƙashin matashi ba. Suna kuma iya ajiye durom na ƙarfe da yashi a ciki, nesa da gini, inda za a riƙa kai batura da suka lalace.

Na kawo maganar durom ne saboda abin da ya biyo baya a ɗakinmu. Abokin namu ya ji tsoro, ya ci bashi ya sauya batir. Da na tambaye shi inda ya kai tsohon, sai ya ce ya jefa shi a bolar da ke bayan ginin. Bolar nan ce yara masu tsintar gwangwani suke tonawa da hannu kullum da safe, kuma ita ce ake cinna wa wuta duk ƙarshen mako.