Ka Sayar da Na'ura, Ka Dawo Ka Duba Ta?

Duk wanda ke duba sitatus ɗin WhatsApp na matasan Kaduna a 'yan shekarun nan ya ga sabuwar haja ta shigo tsakanin atamfa da turare: na'urar awon hawan jini, na'urar gwajin sukari, ma'aunin zafin jiki. Wasu sun wuce nan, sun zama wakilan kamfanoni, suna yawo da jaka daga Unguwar Rimi zuwa Kawo suna tallata na'urar hoton ciki da ta iskar oksijin. Abin farin ciki ne, domin neman halak ne. Amma akwai maganar da ya kamata mu gaya wa juna tun da wuri.

Kasuwar dai tana nan. A arewacin kogin Kaduna kaɗai akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Sojoji na 44, da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Mando, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, ga ɗimbin asibitocin kuɗi, da ɗakunan gwaje-gwaje, da kemis a kowace unguwa. Dukansu suna buƙatar kayan aiki. To amma me ya sa wani ke shekara biyu a harkar ya zama shugaban yanki, wani kuwa wata shida a daina ɗaga wayarsa?

Ra'ayin wannan shafi shi ne: a wannan sana'a, ciniki ba ya ƙarewa ranar da kuɗi suka shiga asusunka. Ranar ce ma ya fara.

Dalili kuwa, wannan ba takalmi ba ne da za a ce in ya matse a ba ƙani. Ɗauki na'urar awon hawan jini. Idan abin da ake ɗaurawa a damtse ya yi wa mutum kaɗan, awon zai nuna sama da gaskiyarsa, a ɗora shi kan maganin da ba ya buƙata. Na'urar sukari kuwa, kowace da irin tsinken gwajinta, kuma tsinken yana da wa'adi, zafi ma yana ɓata shi. Ka sayar wa dattijuwa a Badarawa na'ura mai araha, bayan wata biyu babu tsinkenta a duk faɗin garin, me ka sayar mata ke nan? Na'urar oksijin tana son tsayayyar wuta da wanke matatarta a kai a kai. Kowa ya san halin wutarmu. Wanda bai gaya wa mai saye haka ba, ya bar shi da kwalin ƙarfe ne kawai.

Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka karɓi kamasho, to ka koma ka koya wa nas yadda ake kunnawa, ka bar lambar mai gyara, ka san inda ake samun kayan gyaran. Likita zai iya manta farashin da ka ba shi, amma ba zai manta wanda ya ɗaga waya ƙarfe goma na dare ba, lokacin da na'ura ta tsaya ga maras lafiya a kwance.

Na san wani zai ce, "Malam, kai ba ka san yanayin kasuwa ba ne." Mun sani. Yawancin kayan nan daga waje ake shigo da su, da dala. Kafin a saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba; zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Farashi ya tashi, masu saye suna neman sauƙi, shi ya sa jabu da gwanjo marasa tabbas suka samu ƙofa. Sai dai tsada ba ta halatta ha'inci. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ba magani da abinci kaɗai take wa rajista ba, har da na'urorin asibiti. Ka tambayi takardar rajista kafin ka sa hoton kaya a shafinka. Sunanka ne a kai, ba na wanda ya ba ka sari ba.

Sai batun "na goro". Za ka haɗu da wanda zai ce a ƙara wani abu a kan rasit a raba. Ranar farko kuɗi ne, amma daga ranar ka zama nasa, kuma maras lafiya ne zai biya cikon. Ramin ƙarya ƙurarre ne, garin kuma ƙarami ne: ma'aikatan lafiyar Kaduna sun san juna, labari ba ya kwana.

Ga waɗanda Allah Ya ɗaga har suna da yara a ƙarƙashinsu, ku ma da naku. In abin da kake tambayar yaronka kullum shi ne "nawa ka sayar?", kai ne ka koya masa ƙarya. Ka riƙa tambayarsa, "wadda ka sayar wancan watan tana aiki?" Ka shiga gaba ranar da za a je ba da haƙuri, ka biya shi kamashonsa a kan lokaci. Shugabanci ke nan, ba katin da aka rubuta manaja ba.

Kai da ke shirin shiga, da ke da kike tallar a Instagram, ku zaɓi na'ura ɗaya ku san ta ciki da bai kafin ku ƙara wata. Sannan yau ɗin nan, ku buɗe waya, ku kira mutum uku da kuka taɓa sayar wa kaya, ku tambaye su ko na'urar tana aiki.