Kafin ka ce wa ɗalibi "ba ruwanka da ƙungiya"

 

Duk shekara idan Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da sunayen waɗanda ta ɗauka, akwai nasihar da ake maimaitawa a gidajenmu, daga Dogarawa har Muciya da Hayin Dogo: "Karatu aka tura ka, ba ruwanka da ƙungiya." Uba ya faɗa, uwa ta ɗora da "ban yafe ba". Yaro ya sunkuyar da kai ya ce to. Kafin zangon farko ya ƙare sunansa na cikin rajistar ƙungiya biyu ko uku, ku kuwa ba ku da labari, don tun ranar farko kun rufe ƙofar da zai biyo ya faɗa muku.

Na san abin da kuke tsoro, kuma tsoron yana da tushe. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a kwalejin jami'a ta Ibadan, da niyyar yaƙar ƙabilanci da kwaikwayon Turawa. Daga baya aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu, aka shigo da rantsuwar jini da makami. Black Axe ta fito daga Jami'ar Benin a 1977. Ranar 10 ga Yuli, 1999, 'yan ƙungiyar asiri suka afka ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'ar Ife da asuba, suka kashe biyar. Uban da ya ji wannan ya ce ɗansa ya yi nesa, ba wanda zai ga laifinsa. Sai dai kalmar "ƙungiya" tana da faɗi, kuma wanda ya haɗa tsaki da tsakuwa ya watsar, kajinsa ne za su kwana da yunwa.

Ka ɗauki yaron da ya sauka a Samaru daga Malumfashi ko Gumel ko Biu, da jaka ɗaya da takardu a leda. Bai san inda tsangayarsa take ba, bai san wane layi ne na tantancewa ba, bai san yadda ake neman gado a Suleiman ko Danfodio ba. Wanda zai fara kama hannunsa, sau da yawa, ɗan aji uku ne daga jiharsu, wanda ya ji karin harshensa ya ce, "Kai ɗan ina ne?" Daga nan aka shiga ƙungiyar ɗaliban jiha. Ta nan zai ji ranar da hukumar tallafin karatu ta jiharsu za ta zo tantancewa. Ta nan zai sami tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Idan zazzaɓi ya kwantar da shi har aka wuce da shi asibitin Shika, su ne za su kwana a kansa kafin ku iso. Idan kuma ta Allah ta kasance, su ne masu kiran gida, su ne masu rakiya.

Haka ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, wadda aka kafa a Legas a 1954, Lateef Adegbite ya zama shugabanta na farko. Ɗalibai da yawa ba wa'azi ne ya fara kai su ba, darasin bita ne na lissafi ko kimiyya da 'yan gaba ke yi wa 'yan baya kyauta, sai kuma buɗa-baki da azumi lokacin da kuɗin abinci ya ƙare. 'Ya'yan maƙwabtanmu Kirista suna samun irin wannan a FCS.

Ba a nan kaɗai ake haka ba. A Amurka, a 1906, ɗalibai bakwai baƙar fata a Jami'ar Cornell suka kafa Alpha Phi Alpha, don ƙungiyoyin fararen fata ba sa karɓar su. Martin Luther King ɗan wannan ƙungiya ne. A 1975 'yan mata 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka, masu magana da Sifaniyanci a gida, suka kafa Lambda Theta Alpha a kwalejin Kean ta jihar New Jersey. Abin da ke kai ɗalibai irin waɗannan ƙungiyoyi a can shi ne dai abin da ke kai namu: da yawansu su ne na farko a danginsu da suka taka jami'a, ba wanda za su tambaya a gida, kuma suna son wurin da ba sai sun yi bayanin sunansu ko abincinsu ba.

Mu mutanen Sabon Gari ma bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya a farkon ƙarni na 20, baƙi ke kafa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya don su riƙe juna. Alhaji, kai kanka kana biyan kuɗin ƙungiyar 'yan layinku a kasuwa. Hajiya, adashinki fa? Me ya sa muke ganin yaro ɗan shekara 18 zai iya abin da mu ba mu iya ba, wato zama shi kaɗai a cikin dubban mutane?

Wanda na fi tausaya wa ma shi ne ɗan gida, musamman 'ya mace. Muna ganin tun da a Dogarawa take kwana, ta hau mota a Kwangila da safe ta dawo kafin magariba, ba ta da matsala. Ita ce kuwa ta fi kowa zama baƙuwa a makarantar. 'Yan Amina da Ribadu suna karatun dare tare, suna jin an sauya wurin lacca ko an matso da gwaji. Ita sai ta zo ta tarar an gama. Ga wata matsalar kuma ta 'ya'yan Sabon Gari: an haifi yarinya a nan, nan ta sani, amma takardar asalinta ta Katsina ce ko Kogi. Ta je taron 'yan jiharsu, ana ta ambaton garuruwan da ba ta taɓa gani ba. Ga irinta, ƙungiyar sashen karatunta ta fi amfani, domin can ba a tambayar ƙaramar hukuma, kwas ɗaya ne ya haɗa su, kuma waɗannan ne za ta ci gaba da haɗuwa da su a wurin aiki.

Ba na cewa ƙungiyoyin fili ba su da aibu. Wasu shugabannin ƙungiyoyin jiha sun mayar da aikin yawon ofisoshi da allon lambar girma, ana miƙa wa ɗan siyasa ana karɓar ambulan. Lokacin zaɓe kuma a raba riguna a cika motoci. Abin da ya fi damuna shi ne yaro ya yi shekara huɗu a Samaru bai yi aboki ɗaya da ba ɗan jiharsu ba. Sardauna ya buɗe wannan jami'a a 1962 don ta tara mutane daga ko'ina. Wanda ya fito daga cikinta bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da Bayarabe ko Tibi ko ɗan Kudancin Kaduna ba, ya bar rabin abin da aka biya masa kuɗi a baya.

To, yaya za ka bambance? Tambaye shi ina suke taro, kuma ƙarfe nawa. Ƙungiyar kirki tana da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, tana da malami da ke uban ƙungiya, tana liƙa sanarwar taronta a bango kowa ya gani. Idan ya gaji ya daina zuwa, ba mai bin sa. Wadda ake taronta da tsakar dare a bayan gari, ake ba mutum sabon suna, ake ce masa kada ya faɗa wa ko mahaifiyarsa, wannan ba sai an gaya maka ba. Ka kuma lura da sabon abokin da ke biya masa bashi ba a roƙe shi ba, ko mai yi masa alƙawarin kariya alhali ba wanda ya tsokane shi. Da haka ake fara jan su. Ko da sunan addini aka zo, ka tambayi sunan malamin da ke karantar da su, da masallacin da ake karatun.

Amma duk wannan tambaya ba za ta yi aiki ba idan kun riga kun yi masa baki a kan kalmar. Ku sassauta, ku ce ya kawo katin ƙungiyar ku gani, ya kawo shugabansu ko abokinsa ɗaya gida ranar Asabar a ci tuwo. Ga 'ya mace kuma, idan taron sashensu ko bitar zai kai bayan la'asar, a daidaita tun da wuri wanda zai jira ta a Kwangila, maimakon a ce kada ta je.

Ku da kuka yi Samaru ko Kongo, wace ƙungiya ce ta riƙe ku, wacce kuma kuka yi da-na-sanin shiga? Ina sauraron ku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.