Tsadar ma'aunan zinaren Ashanti: ina rabon dillalan zango?

Ƙananan mutum-mutumin tagulla da Ashanti ke auna garin zinare da su, waɗanda ake kira abrammuo, sun daina aiki tun wajen 1900. Yau masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka ke rububinsu, kuma na asali sai ƙara tsada suke, domin yawansu ba ya ƙaruwa.

Hausawa sun daɗe cikin wannan fatauci, daga Abidjan har Accra, inda dillalan zango, irin su Nima da Maamobi, ke hada-hada a kasuwar Arts Centre. Sai dai salon sayayya ya sauya. Sabuwar ƙira da ake shafa wa kamannin tsufa ta cika kasuwa, don haka manyan masu saye sun koma neman takardar da ke nuna hannayen da kaya ya bi. Irin wannan takarda ta fi samuwa a gidajen gwanjon Paris da Brussels, can kuma ribar ke tsayawa.

Batun maido da kayan gado ya ƙara musu taka-tsantsan. Faransa ta mayar wa Benin kaya 26 a 2021, gidajen tarihin Birtaniya biyu kuma suka ba fadar Manhyia da ke Kumasi aron guda 32 a 2024. Dokar Ghana ta 1969 ma ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba.

Dillalin da ba ya rubuta inda ya samo kaya, kuɗin tsaraba kawai zai samu, ko da na asali ne a hannunsa.