Guzurin Malamin Makaranta

'Yan'uwana almajirai, malamanmu na kwalejin nan sun sha gaya mana kada mu shiga aji ba shirin darasi. Ni kuwa ina so in ƙara da cewa kada mu bar gida ba shirin abinci, gama a ganina su biyun tafiyarsu ɗaya.

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, ba wanda kan ɗaura wa jaki kaya sai ya san abin da zai ci a hanya. Sunan abin guzuri. To, daga ƙarfe takwas na safe zuwa ƙarfe biyu ma ai tafiya ce, ko da ya ke ƙafa ba ta wuce ƙofar aji ba.

Da yawa cikinmu za a tura su koyarwa nesa da gida, watakila har ƙasar Ibo, inda 'yan'uwanmu suka daɗe da zama a Fatakwal da Anacha da Inugu. Ku tuna Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko. Bari in ɗauki Abakpa Nike, wata babbar unguwa ta Inugu mai kasuwa da Hausawa, in yi misali da ita. Baƙon malami Musulmi a can ba zai sayi miyar nama ko ina ba, domin bai san wanda ya yi yankan ba. Kadan ya fito hannu rabbana, sai ya wuni da yunwa, ko kuwa ya aiki yaro ya sayo masa biskit da lemon kwalba. Zaƙin nan ya kan ɗaga mutum na ɗan lokaci, sa'an nan ya sake shi da kasala. Daga nan fa sai fushi. Yaron da ya kasa lissafi da ƙarfe tara a yi masa bayani, wanda ya kasa da ƙarfe ɗaya ya sha tsawa, alhali laifinsu ɗaya ne.

Maganin kuwa yana nan a bakin titi. Mutanen Inugu suna da wani abinci da su ke kira okpa, watau garin gurjiyarmu ce a kan kwaɓa da manja da barkono, a ƙunshe cikin ganyen ayaba a dafa, kamar alale. Ba nama a ciki, tana gina jiki, tana kuma riƙe ciki. Sai dai da sassafe a ke samunta da zafi, saboda haka tilas tun dare mutum ya ware kuɗinta. Ran da ba ita, ga dafaffen ƙwai, ga gyaɗa da ayaba, ga dakuwa, ga gorar ruwa mai tsabta.

Wani zai ce albashi bai kai ba, balle tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 abinci ya yi tsada. Gaskiya ne, amma wannan hujjata ce, ba tasa ba. Wanda ya auni wake da shinkafa ran Asabar ya fi mai sayen kwano kwano kullum samun sauƙi. Akwai kuma abin da mazauna can suka gani a 2021, sa'ad da aka fara zaman gida na dole kowace Litinin, kasuwanni a rufe: wanda bai yi cefane ran Lahadi ba, sai ya dubi tukunyar maƙwabci.

Abu ɗaya za a kula da shi. Daminar Inugu ta fi tamu tsawo, iskarta da laima. Garin da zai yi wata a Kano lafiya lau, a can ya kan yi fumfuna. Saboda haka kada a auni abin da ya wuce na mako biyu, kuka da busasshiyar kuɓewa kuwa a zuba su cikin gwangwani mai murfi.